Jim Kobet, Maharbin Da Ya Koma Mai Gadin Daji

 Da kwamitin wannan mujalla ya nemi a kawo tarihin wani sanannen mutum, na daɗe ina juya abin a raina, domin na san sarakuna da malamai da 'yan siyasa ba za su rasa masu rubuta su ba. Ni dai wanda ya faɗo mini a rai wani Bature ne maharbi, wanda da yawanmu muka fara gamuwa da shi a laburaren makaranta, cikin wani littafi da bangonsa ya sha hannu har ya yi laushi, mai suna Man-Eaters of Kumaon. Sunan da ke jikin bangon Jim Corbett ne, mu kuwa Kobet muke cewa, kuma haka zan ci gaba da kiransa. 'Yan ɗakin kwananmu za su tuna yadda ake bin layi a kan littafin nan, da yadda wanda ya karanta shi da daddare yake neman ɗan rakiya idan zai zagaya bayan an kashe fitila.

A wancan lokaci jarumtaka kawai muka gani a ciki, wato mutum guda da bindiga ya shiga daji ya kashe dabbar da ta gagari gari. Sai da na sake karanta shi da furfura a kaina, na kuma bi sauran tarihin mutumin, na gane ashe mun tsallake rabin labarin. Wannan rabin da muka tsallake shi ne dalilin da ya sa gandun ƙasa na farko a Indiya yake ɗauke da sunan maharbi.

Kafin in shiga, bari mu warware wata rigima da muka sha yi a aji. Damisar da muka sani, mai ɗigo-ɗigo, akwai ta a Indiya. Amma akwai wata babbar 'yar uwarta mai ratsin baƙi a kan ja, wadda ba ta a dajin Afirka ko kaɗan, kuma namijinta yakan fi zaki nauyi. Tunda kakanninmu ba su san ta ba balle su raɗa mata suna, zan kira ta taiga kamar yadda muke faɗa muna yara, in bar wa damisa sunanta.

An haifi Kobet ranar 25 ga Yuli, 1875, a garin Nainital da ke yankin Kumaon, a gindin duwatsun Himalaya, cikin jihar da a yau ake kira Uttarakhand. Nainital na cikin garuruwan hutu da Turawan mulki suka kafa a kan duwatsu saboda gudun zafin kwari. Wanda ya san abin da ya ja Turawa zuwa Jos ya fahimci dabarar, sai dai ta Indiya ta fi girma nesa ba kusa ba, domin can gwamnati sukutum takan naɗe takardunta ta hau dutse idan bazara ta yi. An fara gina garin a 1841 a kewayen wani tafki mai zurfi, a tsayin da ya kai kimanin mita 2,000, ya kuma zama mazaunin gwamnatin lardi na lokacin zafi. Mahaifin Kobet shi ne shugaban gidan waya na garin. Yaron yana da shekara biyar, a watan Satumba na 1880, ruwan sama ya yi kwanaki yana zuba har gefen dutse ya zaftare ya rufta kan gari, mutum 151 suka hallaka. Bayan 'yan watanni, a 1881, mahaifin ya rasu, ya bar uwa da gida cike da 'ya'ya. Babban wansa Tom ne ya gaji aikin gidan waya, shi ne kuma ya fara ɗora masa bindiga a kafaɗa.

Akwai wani abu da ba mu lura da shi ba muna yara. Mu a wurinmu Bature Bature ne. Amma a Indiyar wancan zamani akwai Baturen da aka aiko daga Ingila ya yi mulki ya koma, akwai kuma wanda aka haifa a ƙasar, iyayensa ma nan aka haife su, ba shi da wani gida a Turai. Na biyun nan ana yi masa kallon na baya, manyan muƙamai ba nasa ba ne, rabonsa gidan waya da reluwe. Kobet daga cikinsu yake. Ina ganin wannan ne ya sa ya fi sakewa da talakawan duwatsu fiye da manyan da ke shan iska a bakin tafki.

Idan sanyi ya sauko, iyalin sukan gangara ƙauyen Kaladhungi da ke gindin dutse, inda daji ya yi kauri. Nan ya yi karatunsa na gaskiya. Ya iya harshen mutanen wurin kamar ɗan gida, yana yawo ba takalmi, da gwafa tun kafin ya samu bindiga. Wani maharbin ƙauye mai farautar sata, Kunwar Singh, ya koya masa abubuwa da dama, ciki har da cewa duk mai shiga dajin taiga dole ya iya hawan bishiya. Ya koyi karanta sawu har yakan faɗi ko dabbar mace ce ko namiji, tsohuwa ce ko matashiya, da ƙafar da take ɗingishi da ita. Ya koyi kukan biri da na barewa da na tsuntsaye, domin su ne 'yan rahoton daji, su ke faɗin inda taiga take da inda ta nufa. Ya kuma iya kwaikwayon kukan da bakinsa, abin da ya yi masa rana bayan shekaru masu yawa.

Bai yi nisa a boko ba. Kafin ya cika ashirin ya bar makaranta saboda a taimaki gida, ya kama aiki da kamfanin jirgin ƙasa, da farko a matsayin mai kula da saran itacen da ake zuba wa injin. Daga baya aka ba shi kwangila a Mokameh Ghat, a bakin kogin Ganga cikin Bihar. A wurin babu gada a lokacin, kuma faɗin layin dogon da ke wannan gaɓa ya bambanta da na waccan, don haka sai an sauke kaya daga tarago, a ƙetare da su a jirgin ruwa, a sake lodawa. Ya shafe fiye da shekara ashirin yana wannan aiki cikin zafi da ƙurar gawayi, tare da ɗaruruwan lebura. Yakan raba riba da su, ya kuma taimaka aka buɗe wa 'ya'yansu makaranta. A littafinsa My India ya ba da labarin wani ɗan kasuwa mai suna Lalaji da ya sauka daga jirgin ruwa kwalara ta kama shi, ya kwanta a bakin kogi yana jiran mutuwa. Kobet ya ɗauke shi ya yi jinyarsa har ya tashi, da ya ji abokin cinikinsa ne ya cuce shi ya karya shi, sai ya ba shi rupi 500, mafi yawan abin da ya tara ke nan, ba tare da rubuta takarda ba. Mutumin ya biya bashin, kuma kowace shekara sai ya aiko masa da kwandon mangwaro.

Yana wannan aikin ne, a 1907, aka roƙe shi ya ɗauki hutu ya je Champawat. Wata macen taiga ce ta addabi yankin. Ta fara ɓarna a Nefal inda aka lissafta mata mutum 200, sojoji suka koro ta ta ƙetaro Kumaon, ta ci gaba har jimillar ta kai 436. Ku tsaya ku auna wannan adadi da yawan ɗaliban makarantarmu a zamaninmu. Kobet ya gindaya sharaɗi biyu kafin ya tafi: a janye ladan da gwamnati ta sa, a kuma janye sauran maharba. Ba ya son a ce don kuɗi ya yi, ba ya kuma son wani ya harbe shi bisa kuskure. Haka ya riƙe wannan ƙa'ida har ya daina.

Ƙauyen farko da ya sauka ya tarar mutane sun yi kwanaki a kulle cikin ɗakuna, amfanin gona ya nuna ba mai girbewa. A kusa da nan ne aka nuna masa wata mata da ta yi shekara ba ta magana. Suna yankan ciyawa da 'yar uwarta taigar ta ɗauke 'yar uwar, ita kuwa ta bi ta da lauje a hannu tana ihu a sake ta a ɗauke ita, har dabbar ta juyo ta koro ta. Tun daga ranar bakinta ya rufe. A Champawat taigar ta kashe wata yarinya 'yar shekara 16 da ta je itace, Kobet ya bi jini shi kaɗai cikin kwazazzabo har dare ya kusa yi masa. Washegari jami'in haraji na yankin ya tara mutum kusan 300 da ganguna da gwangwanaye da tsofaffin bindigogi, suka yi kora daga saman dutse, ta fito ta inda ya tsare, ya harbe ta. Ya ce da ya kai fatar ƙauyen matar nan ya shimfiɗa, sai ta ruga tana kiran mijinta da mutanen gari su zo su gani.

To, a nan ne abin da muka tsallake ya fara. Da ya buɗe bakin mushen sai ya ga fiƙoƙinta biyu na gefen dama, na sama da na ƙasa, a karye, kuma harsashi ne ya karya su tun da daɗewa. Wato wani ne ya harbe ta bai kashe ta ba, ya koma gida ya kwanta, ita kuwa ta kasa kama barewa, ta koma kan abin da ba ya gudu sosai kuma ba shi da ƙaho. Daga nan duk wadda ya kashe sai ya bincika gawarta kamar likita. Ta Muktesar, a 1910, ido ɗaya gare ta, ga ƙayoyin beguwa cike da ƙafarta sun ruɓe a ciki. Na Mohan ma ƙayar beguwa ce. Wasu tsufa ne ya cinye musu haƙora. Abin da ya tsaya a kai har ya mutu shi ne cewa mutum ba abincin taiga ba ne, rauni ko tsufa ke tura ta, kuma sau da yawa raunin nan aikin hannun mutum ne.

Damisa kuwa ya ce hanyarta daban, domin ita ba ta ƙin mushe. Mabiya addinin Hindu ƙona gawa suke yi a bakin kogi, amma idan annoba ta yi yawa ba a samun masu ɗauka balle itace, sai a sa wa mamaci garwashi a baki a tura shi kwazazzabo. Damisar Panar, wadda aka lissafta wa mutum 400 kafin ya kashe ta a 1910, bayan annobar kwalara ta ɓulla. Ta Rudraprayag kuwa ta fara ne a 1918, shekarar murar nan da ta zagaye duniya, wadda kakanninmu suka kira marisuwa. Da annoba ta wuce gawa ta ƙare, sai ta koma kan masu rai.

Labarin Rudraprayag ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin shi ne ya fi wahalar da shi. Garin yana mahaɗar kogunan Alaknanda da Mandakini, a kan hanyar da dubban masu ziyarar ibada ke bi a ƙasa zuwa Kedarnath da Badrinath. Shekara takwas, daga 1918 zuwa 1926, da rana ta faɗi ba mai leƙa waje a faɗin yankin. A takardun gwamnati mutum 125 ta kashe, Kobet kuwa ya ce sun fi haka. Tana ɓalle ƙofa, tana shiga ta taga. Akwai wani yaro maraya da ke kwana a ɗaki ɗaya da awaki arba'in, ta tsallake awakin duka ta ɗauke shi. An sa mata guba ta ci ta tashi, an kafa tarkon ƙarfe ta kuɓuce, an rufe ta a kogo ta fice ta tsakiyar taron jama'a, har mutane suka yanke cewa ba dabba ba ce, wani mugun mutum ne ke rikiɗa. Wannan zance ba baƙo ba ne a kunnenmu, mu da muka taso da labarin masu zama kura. Kobet ya yi makonni goma a ƙarshen 1925 tare da abokinsa Ibbotson, jami'in mulki na Garhwal, ya koma gida hannu rabbana, jikinsa ya mutu saboda rashin barci. Ya dawo a 1926. A ƙarshe ya ɗaure akuya da ƙararrawa a wuya a bakin hanya, ya hau bishiyar mangwaro, dare goma ba labari. A dare na goma sha ɗaya, farkon watan Mayu, ya ji ƙararrawar ta kaɗa, ya haska tocila ya yi harbi ɗaya, tocilar ta mutu. Sai da gari ya waye ya san ya samu. Tsohon namiji ne, fiƙarsa ɗaya a karye, akuyar kuwa ta tsira da ranta.

Wanda muka fi so a makaranta shi ne na Chowgarh, kuma har yau ina ganin ya fi kowanne. Taigar ta kashe aƙalla mutum 64. Ran 11 ga Afrilu, 1930, yana gangara wani kwazazzabo da mutanensa biyu sai ya ga ƙwan yautai guda biyu a kan dutse, irin da babu a cikin tarin ƙwayayen tsuntsaye da yake ajiyewa, ya ɗauka ya riƙe a tafin hannun hagu. Yana zagaya wani faffaɗan dutse sai ya waiga ya gan ta kwance, tsakaninsu bai fi taku uku ba, tana jiransa. Da hannu biyu ne a kan bindigar da ya zabura, da ya zabura kuwa da ta riga shi. Ƙwan nan ya tilasta masa juya bindigar da hannu ɗaya, a hankali ƙwarai, har bakinta ya daidaita. Bayan ya harbe ta sai ya koma ya mayar da ƙwan inda ya ɗauko, da ya sake bi ta wurin ya tarar uwar ta kwanta a kansu.

Ta ƙarshe ita ce ta Thak, a 1938, yana da shekara 63. Ya yi wa 'yar uwarsa Magi alkawarin daga ita ya daina, ya kuma sa wa kansa ranar tashi. A yammacin ranar ƙarshe, 30 ga Nuwamba, bayan duk dabara ta ƙare, ya ji ta tana kiran namiji daga nesa. Sai ya cika ƙirjinsa ya amsa mata da kukan namijin taiga. Suka yi ta amsa wa juna tana matsowa, haske na ƙarewa, ga mutum huɗu da awaki biyu a maƙale bayansa, har ta fito gabansa saura ƙiris duhu ya rufe. A jikinta ma ya samu raunin harsashin wani. An ƙiyasta cewa dabbobin da ya kashe tsakanin 1907 da 1938 sun ci fiye da mutum 1,200. Mutanen duwatsu, da harshensu bai iya sunansa ba, Kafet Sahib suke ce masa, da yawa kuma sun ɗauke shi waliyyi.

Ba zan ɓoye muku ɗaya gefen ba, don kada in zama maroƙi. Kobet ya yi farautar nishaɗi shekaru da yawa. A 1930 ya kashe wani ƙaton taiga da ake kira Gwauron Powalgarh, wanda bai taɓa cin kowa ba, girmansa ne kawai ya ja masa. Ya shirya wa manyan Turawa farauta, har da Linlithgow, wakilin Sarkin Ingila a Indiya. Mutum ne mai biyayya ga daular Ingila ba tare da tambaya ba: a Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tara lebura 500 daga Kumaon ya kai su Faransa a 1917, ya kuma dawo da kusan dukansu, a na Biyu kuma, da tsufansa, ya koya wa sojojin da za su Bama dabarun zaman daji, yaƙin nan da wasu iyayenmu da kakanninmu suka je. Ƙaunar da yake yi wa talakan Indiya gaskiya ce, amma irin ta uba da 'ya'ya ce, bai taɓa hango su suna mulkin kansu da daɗin rai ba.

Duk da haka ya sauya, kuma a gaban idon jama'a ya sauya. Wani jami'in gandun daji mai suna Champion, wanda ya fitar da littafin hotunan taiga a 1927, shi ya ja hankalinsa ga kyamara. Kobet ya sayi ta ɗaukar hoto mai motsi, ya riƙa kwashe watanni a kan bishiya yana jiran taiga ta fito fili, aikin da ya fi harbi wuya domin sai an matsa kusa kuma da rana. Ya ga daji na ƙarewa da idonsa: ana saran itace, motoci sun kai maharba inda da ƙafa ba ta kai su, bindiga ta yawaita, barewa ta ragu. Idan barewa ta ƙare taiga za ta faɗa wa shanu, mai shanu ya harbe ta ya raunata, sauran kun riga kun sani. Ya shiga kafa ƙungiyoyin kare namun daji, yana rubutu a jaridu, yana zagaya makarantun Nainital yana yi wa yara lacca, ya rufe da kwaikwayon kukan dabbobi. Ina ma a ce an taɓa kawo mana irinsa ranar Asabar da dare maimakon muhawara.

A 1936 gwamnatin lardin ta keɓe daji mai faɗin murabba'in kilomita kusan 324 a kwarin kogin Ramganga, aka sa masa sunan gwamna Malcolm Hailey. Shi ne gandun ƙasa na farko a Indiya, kuma Kobet na cikin waɗanda suka ba da shawara kan iyakokinsa. Don a gane daɗewar abin, Yankari da aka kai mu yawon buɗe ido a bayan babbar mota sai a 1956 aka keɓe ta, aka buɗe wa baƙi a 1962.

Wani aikin nasa da ba a cika faɗa ba ya fi burge ni. Ya sayi wani kangon ƙauye kusa da Kaladhungi mai suna Choti Haldwani, ya zaunar da manoma, ya gyara hanyar ruwa, ya kuma gina katangar dutse ta kewaye gonakin domin aladun daji da barewa su daina cinye amfani. Ba ya karɓar galla a hannunsu, harajin ƙasar ma shi ke biya. Mutumin da ke roƙon a bar wa taiga daji shi ne kuma ya san cewa manomin da ke bakin dajin sai an kare masa gonarsa. Yawancin masu surutun kare namun daji a yau ɗaya suke riƙewa su saki ɗaya.

Littafin da muka yi rububi a kansa ya fito a 1944, kuɗin bugun farko kuma ya sadaukar ga sojojin da suka makance a yaƙi. Ya karɓu a Ingila da Amurka, aka fassara shi cikin harsuna fiye da ashirin. 'Yan fim na Amurka sun yi fim da sunan a 1948 wanda bai haɗa komai da labarin ba, shi kuwa da ya gani ya nuna cewa taigar ta fi kowa iya wasa. A gabatarwar littafin ya yi gargaɗin cewa idan ba a tashi tsaye ba Indiya za ta rasa taiga.

A ƙarshen 1947, 'yan watanni bayan Indiya ta samu 'yanci, shi da Magi suka tattara suka koma Kenya. Bai taɓa aure ba, ita ma haka, tare suka rayu. Tsoro na cikin abin da ya kore su, domin mijin mahaifiyarsu na fari a yaƙin tawayen da ya ɓarke a 1857 ya mutu, kuma labarin bai bar gidan ba. Ba wanda ya taɓa su, ni kuwa ina ganin da ya zauna da mutanen Kumaon sun riƙe shi hannu bibbiyu. Gonakin Choti Haldwani ya bar wa manoman. A garin Nyeri suka sauka, a wani ɗan gida da aka gina wa Baden-Powell, wanda ya kafa ƙungiyar Sikawut, abin da zai faranta wa 'yan Sikawut ɗinmu rai. Nan ya rubuta yawancin sauran littattafansa.

Kusa da Nyeri, a dajin Aberdare, akwai wani masauki mai suna Treetops, ɗan ɗaki da aka gina a kan ƙatuwar bishiyar ɓaure a bakin wani tafki da giwaye da karkanda da ɓauna ke zuwa shan ruwa da lasar gishiri. Ran 5 ga Fabrairu, 1952, Gimbiya Elizabet da mijinta suka zo kwana, aka gayyaci Kobet ya kasance tare da su. Sai da suka ratsa kusa da garken giwaye a ƙasa kafin su kai tsani. Da dare ya yi, tsohon mai shekara 76 ya zauna a saman tsanin da bindiga yana gadi. A daren ne mahaifinta Sarki Joji na Shida ya rasu a Ingila, ta hau bishiya tana gimbiya ta sauko tana sarauniya, ita ce kuma ta zo hawan daba a Kaduna a 1956. Mayaƙan Mau Mau sun ƙone ɗakin a 1954, daga baya aka gina wani. Kobet ya rasu da ciwon zuciya ran 19 ga Afrilu, 1955, kwanaki kaɗan bayan ya gama ɗan littafinsa a kan wannan dare, aka binne shi a Nyeri. Magi ta bi shi a 1963.

Ba a daɗe da rasuwarsa ba gwamnatin Indiya mai 'yanci, wadda ke ta goge sunayen Turawa daga tituna, ta sa wa gandun nan sunansa. Gargaɗinsa kuma ya tabbata, domin ƙidayar 1972 taiga 1,827 kacal ta samu a duk ƙasar. A 1973 aka ƙaddamar da babban shirin ceton taiga, kuma a gandun Kobet aka yi bikin. An sha faɗi-tashi, har adadin ya sauka zuwa 1,411 a 2006, amma ƙidayar 2022 ta ba da kimanin 3,682, gandun Kobet da dazuzzukan da aka haɗa masa suna da kusan 260, fiye da kowane gandu a ƙasar. Masu yawon buɗe ido kan shiga ta garin Ramnagar, su kwana a Dhikala a tsakiyar daji, su hau Nainital shan iska, su tsaya Kaladhungi inda aka mai da gidansa gidan tarihi, har da kabarin karensa Robin a tsakar gida.

Sai dai abin da baƙo ba ya gani daga cikin mota shi ne wanda ke biyan kuɗin wannan nasara. An tashi ƙauyuka daga cikin gandun, an fitar da makiyayan ɓauna da ake kira Van Gujjar daga dazuzzukan da suka saba kiwo, otal-otal sun tsare hanyoyin da dabbobi ke bi zuwa kogi. Taiga ta yi yawa, daji bai ƙaru ba, kuma a shekarun nan ma an sha samun labarin ta kashe mutane a ƙauyukan gefen gandun, galibi matan da suka je ciyawa ko itace, irin matar nan mai lauje ta 1907.

Na leƙa laburaren lokacin taronmu na bara, na duba kantar da littafin yake zama ban same shi ba. Idan yana hannun ɗaya daga cikinmu tun wancan zamani, don Allah ya ba sakataren ƙungiya a taro mai zuwa, ba za a tambaye shi komai ba.